Ko Ya Dace Ɗan Musulmi Ya Koyi Falsafa Da Tarihin Al'ummai A Jami'a?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya sanar da ɗan Adam magana da rubutu, Ya ɗaukaka shi da hankali bisa sauran halittu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, kowace shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan ga samari da 'yan mata na Hayin Banki da Kawo da Unguwar Dosa suna ta shirin tafiya. Waɗansu sukan nufi tashar Kawo da akwatunansu don su shiga motar Zariya ko ta Kano, waɗansu kuwa ba su barin gari, sai su riƙa zuwa Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, su je da safe su komo da yamma. Mafi yawan iyayensu sun tura su ne da fatan su zama likitoci ko injiniyoyi ko masu aikin lissafin kuɗi. Amma da zarar yaro ya karɓi jerin darussansa, sai ya tarar an ɗora masa waɗansu da bai nema ba, kuma ba shi da ikon ƙin su. Su ne ake kira darussan bai-ɗaya, ɗalibai kuwa suna ce musu GST. A cikinsu akwai sarrafa harshen Ingilishi, da sanin al'ummun Nijeriya da al'adunsu, da falsafa da manɗiƙi, da hanyoyin zaman lafiya da sasanta rikici. Jami'ar Nsukka ce ta fara wannan tsari a ƙasar nan jim kaɗan bayan buɗe ta a 1960, daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta shi a kan kowace jami'a, kuma sabuwar manhajar da ta fitar a 2022 ba ta janye shi ba. Waɗansu daga cikin darussan a shekarar farko ake yin su, waɗansu kuma a shekarun da ke biye.

Waɗannan darussa su ne ƙofar da ɗalibi yakan shiga ta cikinta zuwa ga fannonin sanin ɗan Adam, watau harshe da adabi da tarihi da falsafa da nazarin addinai da al'adu. Ana kiransu haka ne domin abin da suke bincike shi ne mutum kansa: yadda yake magana, da yadda yake tunani, da abin da ya aikata a da, da abin da yake ganin shi ne daidai ko kuskure.

A misalta wani magidanci a Hayin Banki, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi don ɗansa ya karanta haɗa magunguna. Wata rana ya ɗauki takardun yaron, ya ga an rubuta sunayen Aflatun da Arisɗo, ya kuma ga tambayoyi a kan mene ne gaskiya, da yadda ake sanin abu, da asalin addini a wurin al'ummai. Hankalinsa ya tashi. Bayan sallar isha'i ya zauna gaban malaminsa, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ni magani na aika yaron nan ya koyo. Ina ruwan mai haɗa magani da maganganun mutanen da ba su san Allah ba? Ina tsoron in kashe dukiyata in sayo wa ɗana shakka." Shi kuwa ɗan, damuwarsa dabam ce. A ganinsa darasin ɓata lokaci ne kurum, sai ya haddace abin da zai ishe shi cin jarrabawa, ya manta da shi washegari.

Tsoron uban nan ba abin raini ba ne, kuma rainin ɗan ba abin ƙyalewa ba ne. Tambayar da ke gaban jama'a ita ce, shin ya dace a shigar da yaro ɗan shekara goma sha takwas cikin ilmin da zai sa ya ji maganganun da suka saɓa wa abin da aka reno shi a kai? In kuwa ya dace, bisa wane sharaɗi?

Tsohuwar muhawara ce

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, wannan muhawara ta girmi jami'a, ta kuma girmi zuwan Turawa. Malamai biyu da ƙasar Hausa take girmamawa ƙwarai sun yi ta tun ƙarni biyar da suka wuce. Na farko shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har ya rubuta masa littafi a kan yadda ake tafiyar da sarauta. Na biyu shi ne Imamu Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin mawallafan Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatai kowane watan azumi. Suyuɗi ya yi rubutu yana hana shagala da manɗiƙi, watau ilmin auna hujja, domin a wurinsa abu ne da aka ɗauko daga Yunanawa, kuma magabata na ƙwarai ba su san shi ba. Almagili ya aika masa da baitoci yana mamakin wannan hani, yana nuna cewa manɗiƙi ma'auni ne kawai na gyara tunani, kuma gaskiya ba ta ɓaci don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba. Suyuɗi ya mayar masa da amsa shi ma cikin baitoci. Kowane ya tsaya a kan ra'ayinsa, amma babu wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga Musulunci.

Bayan rasuwarsu da shekaru kamar talatin, wani saurayi a ƙasar Aljeriya ya tsara waƙa a kan manɗiƙi wadda ake kira Sullamu, a shekara ta 941 bayan Hijira, yana da shekara ashirin da ɗaya. Wannan saurayi shi ne Shaihu Abdurrahmani Al'ahdari, mai littafin Ahalari, wanda kusan kowane ɗalibin zaure a ƙasar nan yake fara koyon tsarki da salla da shi. A cikin waƙar ya kawo ra'ayi uku game da hukuncin wannan ilmi. Akwai waɗanda suka haramta, irin su Ibnu Salahi da Imamu Nawawi. Akwai waɗanda suka ce ya kamata a koya. Sa'an nan ya rinjayar da ra'ayi na uku, cewa ya halatta ga mai lafiyayyen hankali wanda ya ginu a kan Alƙur'ani da Sunna, domin ya sami hanyar kaiwa ga daidai. Ashe hannun da ya rubuta wa yara farillan alwala shi ne ya rubuta wa manya dokokin auna hujja.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga su duka faɗakarwa. Shi ne ya rubuta littafi sukutum yana rushe kurakuran masana falsafa game da Ubangiji da tashin ƙiyama, amma bai yi haka ba sai da ya zauna ya karanci littattafansu har ya fahimce su sarai. A cikin littafinsa Almunƙizu ya ambaci ɓarna iri biyu. Ta farko ita ce ta wanda ya ga ƙwarewar masana falsafa a lissafi, ta burge shi, sai ya bi su ido rufe har cikin abin da suka ɓata a kansa na addini. Ta biyu ita ce ta masoyin Musulunci marar sani, wanda yake zaton taimakon addini shi ne ƙaryata duk abin da suka faɗa, har da lissafin husufin rana da wata, sai mai ilmi ya ji shi ya ɗauka Musulunci a kan jahilci aka gina shi. Ƙasar nan ta ga iri biyun. Ta ga waɗanda suka je jami'a suka komo suna jin kunyar salla a gaban abokai, ta kuma ga samarin da suka yayyaga takardun shaidar karatunsu a farkon ƙarnin nan don an ce musu boko haramun ne, kuma kowa ya san inda wannan hanya ta ƙare.

Abin da zaure yake koyarwa

Wanda ya ce fannonin sanin ɗan Adam baƙi ne a Musulunci, to, bai duba abin da ake karantawa a zauren unguwarsu ba. Ɗalibin ilmi ba ya tsayawa a kan fiƙihu kaɗai, daga Ahalari zuwa Ishmawi da Iziyya da Risala da Muhtasar. Yakan karanta nahawu a Ajurumiyya da Alfiyya, yakan karanta lugga a Ishiriniya da Muƙamu na Hariri, har yakan karanta Shu'ara, watau waƙoƙin Larabawan jahiliyya, waɗanda mawaƙansu ba su riski Musulunci ba, kuma a cikinsu akwai ambaton giya da yaƙi da alfahari da dangi. Malaman da suka fi kowa tsoron Allah sun karantar da waɗannan waƙoƙi ba tare da wata fargaba ba, domin sun san cewa da su ake gane harshen da aka saukar da Alƙur'ani da shi. Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, yakan warware ma'anar kalma mai wuya a Alƙur'ani ta hanyar komawa ga waƙoƙin Larabawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu da ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya kuma rubuta musu amsa.

Haka shugabannin jihadin Sakkwato suka fahimci al'amarin. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi manyan littattafai a kan nahawu da sarfu, kuma ya tara waƙoƙinsa tare da labarin abubuwan da suka jawo su a cikin Tazyinul Waraƙati. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, wanda har yau masana tarihi ba su wadatu daga gare shi ba, domin bai tsaya kan labarin jihadi ba, ya kawo bayanin ƙasashe da al'ummai da malaman da suka gabata. Baturen nan Kilafaton, wanda ya je Sakkwato a 1824 ya kuma koma bayan shekara biyu, ya ba da labarin cewa ya kai wa Bello littafin lissafin Iƙlidis Bayunane a fassarar Larabci, sai Bello ya gaya masa cewa gidansu suna da shi a da, gobara ce ta cinye. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta mai da waƙa hanyar karantar da mata a ƙauyuka. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa a Raudatul Afkari, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan hikima da asirin halitta. Waɗannan mutane ba su ga wani saɓani tsakanin tsoron Allah da binciken tarihi da harshe da tunani ba.

Amfanin da ɗan Kaduna zai samu

Mai tambaya zai ce, to, an ji magabata sun yi, amma wane amfani mai haɗa magani zai samu a yau? Amsar tana cikin garin Kaduna kansa.

A watan Fabrairu na 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna a kan batun shari'a, ya sake tashi a watan Mayu, aka rasa rayuka fiye da dubu. A Nuwamba 2002 aka sake wani, haka kuma a Afrilu 2011 bayan zaɓe. Tun daga lokacin garin ya rabu. Musulmi da yawa suka taso daga kudancin kogi suka komo arewa, Kirista da yawa suka bar unguwannin arewa suka koma Sabon Tasha da Television da Romi da makamantansu. Dattawan Hayin Banki suna tuna zamanin da maƙwabcinsu Bajju ne ko Ibo, ana gaisawa, ana zuwa suna da jana'iza. Yaron da ke shiga jami'a yanzu kuwa an haife shi ne bayan an riga an rabu. Mai yiwuwa ne ya yi firamare da Islamiyya da sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma duk abin da ya sani game da mutanen ƙetaren kogi ji ne, ba gani ba. Haka shi ma ɗan Kafancan ko Zonkuwa da za a zaunar kusa da shi a ɗakin lacca, abin da ya sani game da Bahaushe Musulmi labarin ranar tashin hankali ne kawai. Alƙur'ani ya bayyana a Suratul Hujurati cewa hikimar rarraba mutane dangi dangi da ƙabila ƙabila ita ce su san juna, ya kuma ƙidaya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah a Suratur Rumi. Darasin al'ummun Nijeriya da al'adunsu, idan an koyar da shi da gaskiya, shi ne wuri na farko da waɗannan yara biyu za su ji tarihin juna cikin natsuwa, ba daga bakin mai zuga ba. Sanin al'adar mutum ba bin addininsa ba ne. Amma wanda ya san sunan garin maƙwabcinsa da yadda suke gaisuwa da abin da kakanninsu suka sha, da wuya a ruɗe shi a ce masa wannan ba mutum ba ne.

Amfani na biyu shi ne tantance labari. Babu al'ummar da ta riga Musulmi tsananta bincike a kan mai ba da labari. Malaman hadisi, irin su Imamu Buhari, sun kafa ilmi mai zaman kansa a kan maruwaita: wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa, yaya gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa? Ibnu Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya ƙara wani ma'auni, watau a auna labarin kansa da yadda al'amuran duniya suke gudana. Ya ba da misali da abin da waɗansu masana tarihi suka rawaito, cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Ya ce daular Farisa ta fi su girma nesa ba kusa ba, amma rundunar da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya ba ta wuce 120,000 ba, kuma kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙubu da Annabi Musa ba su da yawan da zuriya za ta kai wannan adadi. Wannan shi ne ainihin abin da darasin tarihi da na manɗiƙi suke so su dasa a zuciyar ɗalibi. A yau da hoto ko murya take zagaya wayoyin unguwa cikin sa'a guda, ana cewa an kashe mutum kaza a wuri kaza, saurayin da ya saba tambayar wa ya gani, yaushe, kuma ko hankali zai ɗauka, yana iya zama dalilin tsirar rayuka. Umarnin da ya zo a Suratul Hujurati na neman tabbaci kafin a ɗauki labarin fasiƙi bai taɓa zama abin bukata kamar yanzu ba.

Amfani na uku ya shafi sana'ar kanta. Manufar ilmi ta ƙasa ta daɗe tana fifita kimiyya, har aka tsara cewa kashi 60 cikin ɗari na gurabun jami'a na kimiyya ne, kashi 40 na sauran fannoni. Ba laifi ba ne, domin likitanci da lissafi suna cikin farillan da idan babu mai yinsu a gari kowa ya yi zunubi, kamar yadda Gazali ya bayyana a Ihya'u. Amma ɗakin gwaji yana koya wa ɗalibi yadda ake haɗa magani ne, ba ya gaya masa dalilin da zai hana shi sayar da jabu ga matar da ba ta iya karatu ba. Injiniya yakan san adadin ƙarfen da gada take bukata, amma abin da zai hana shi rage shi ba lissafi ba ne. An cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu a wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar mayar da shi, bayan an ga yara sun taso ba su san yadda ƙasarsu ta kafu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Inda tsoron uba yake da gaskiya

Duk da haka, zalunci ne a ce wa magidancin nan tsoronsa banza ne. A cikin waɗannan darussa lalle ɗalibi zai ji ra'ayoyin da suka yi karo da imani. Zai ji waɗanda suka ce tsoro ne ya sa mutum ya ƙago addini. Zai ji Karl Marx, wanda ya mutu a 1883, da ra'ayinsa cewa addini abin kwantar da talaka ne don kada ya nemi haƙƙinsa. Zai ji masu cewa babu daidai babu kuskure sai abin da al'umma ta saba. Idan aka jefa wa yaron da bai san tauhidinsa ba irin waɗannan maganganu, a ɗakin da ɗaruruwan ɗalibai suka cunkushe, ba damar tambaya, ba mai warware masa, to, an yi masa abin da ake yi wa wanda bai iya iyo ba aka tura shi tsakiyar kogi da damina. Akan kuma sami malamin da yake jin daɗin girgiza imanin yara don a ce ya waye, kamar yadda akan sami wanda ya mai da darasin hanyar sayar da takardu. Irin wannan koyarwa ba ta haifar da mai tunani, sai dai mai shakka ko mai hadda.

Sabo da haka magana mafi adalci ita ce ta mai Ahalari: a koya, amma bisa tushe. Wannan sharaɗi kuwa yana ɗora nauyi a kan mutum huɗu.

Na farko iyaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Uban da yake tsoron abin da ɗansa zai ji a jami'a, aikinsa yana farawa ne shekaru goma kafin nan, da tabbatar da cewa yaron ya san Ubangijinsa da hujja, ya san tarihin Annabinsa, ya kuma ga gaskiya da amana a cikin gida. Sa'an nan idan yaro ya komo hutu da tambaya mai nauyi, kada a tsawata masa a ce ya lalace. Yaron da aka rufe wa baki a gida ba ya daina tambaya, sai dai ya kai ta wurin wanda bai kamata ba.

Na biyu malaman unguwa. Gazali bai yi raddi a kan abin da bai karanta ba. Ya kamata a kowace unguwa a sami malamin da ya san abin da ake koya wa ɗalibai, wanda zai iya zama da su lokacin hutu, ya saurari shubuhar kamar yadda take, ya warware ta da ilmi. Amsa da zagi ko da la'anta ba ta kashe shubuha, sai ma ta sa yaro ya yi zaton babu amsa.

Na uku malaman jami'a. Darasi amana ne, kuma ɗalibin shekarar farko ɗanyen icce ne. Wajibi ne a kawo masa kowane ra'ayi tare da hujjar masu shi da hujjar masu sukarsa, ba tare da izgili ga addinin kowa ba. Kuma ya dace a fara masa daga gida. A farkon shekarun 1970, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Wazirin Sakkwato Junaidu digirin girmamawa, ya ja hankalin jami'o'i cewa sun zama kamar dashen da saiwarsa take wata ƙasa, ya neme su da su kula da gadon ilmin al'ummar da suke zaune a cikinta. Wannan nasiha ba ta tsufa ba. Babu dalilin da zai sa a koya wa ɗan Kaduna manɗiƙin Arisɗo ba a gaya masa muhawarar Almagili da Suyuɗi ba, ko a koya masa yadda ake binciken tarihi ba a ambaci Ibnu Haldun da Muhammadu Bello ba. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke titin Rabah, wanda aka mai da shi cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yana nan cikin gari da tarin rubuce-rubucen Larabci da takardun gwamnatin Arewa. Haka ma Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa tana da reshe a Kaduna. Daga Hayin Banki tafiya ce ta ɗan lokaci a mota, amma ɗalibai nawa suka gama jami'a ba su taɓa leƙawa ba? Yini guda a gaban rubutun hannun kakanni ya fi takardun hadda na zango guda tasiri.

Na huɗu shi ne ɗalibin kansa. Ya sani cewa fahimtar magana dabam, yarda da ita dabam. Alƙur'ani ya kawo maganganun Fir'auna da na masu ƙaryata tashin ƙiyama kamar yadda suka faɗa, sa'an nan ya rushe su, kuma malamai sun tabbatar cewa mai ba da labarin kafirci bai zama kafiri ba. Don haka ba laifi ya rubuta a jarrabawa abin da wani masani ya ce, yana mai jingina maganar ga mai ita. Abin da ake nema gare shi shi ne kada girman sunan marubuci ya ruɗe shi, kuma kada ƙin marubuci ya hana shi karɓar gaskiyar da ya faɗa. Ya riƙe sallarsa da karatun Alƙur'aninsa, ya zaɓi abokai, ya kai abin da ya shige masa duhu ga masani, domin matambayi ba ya ɓata. Kuma ya daina kallon darasin a matsayin kaya da aka ɗora masa. Mai yiwuwa ne bayan shekara ashirin ya manta rabin abin da ya haddace a fanninsa, amma ɗabi'ar auna magana kafin ya yarda da ita za ta bi shi har kabari.

Amsar da ta dace da magidancin Hayin Banki ke nan. Kada ya hana ɗansa darasin, domin ba shi da ikon hana shi jin waɗannan maganganu ko da bai je jami'a ba, suna nan cikin wayar da ke aljihunsa, ba malami, ba mai warwarewa. Gara ya ji su a inda za a koya masa ma'aunin da zai auna su. Abin da ya rage ga uban shi ne ya kira ɗansa ya ce, "Zo ka karanta mini abin da aka koya muku," ya saurara da haƙuri, sa'an nan su tafi tare wurin malam da abin da ya fi ƙarfinsu. Gidan da ake irin wannan zama, da yardar Allah, jami'a ba za ta ƙwace masa ɗa ba.

Allah Ya ba ɗalibai ilmi mai amfani, Ya tsare zukatansu daga shakka da girman kai, Ya ba iyaye da malamai ikon sauke amanar da ke wuyansu, Ya zaunar da Kaduna da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.